Ƙaramin Rumbun Baba

Filinge, 6 ga Agusta

Zuwa ga maigidana, Baban Haske,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya gajiya, yaya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. Baba mahaifinka yana gaishe ka. Yaranmu Safi da Haske ma suna gaishe ka, ko da yake ita Haske gaisuwarta duka ita ce ta ruga bakin ƙofa in ta ji ƙarar babbar mota.

Abokinka Ɗangoma ya iso shekaranjiya ya ba mu labari. Ya ce an rufe gadar Malanbil da ke kan iyaka kana can ƙetare da mota cike da shinkafa, mai motar ya ce kada ka gusa daga gindinta, kuma wayarka ta bi wani mai dogon hannu. Ban yi mamakin wayar ba, sau nawa na ce ka daina barci da ita a aljihun gaba. Shi Ɗangoma a kwale-kwale ya ƙetaro, kuma ya ce zai riƙa kai da komowa da ƴar hajarsa, shi ya sa na yago takarda daga littafin ƴan lekol, ɗalibaina. Hakan ya ma fi mini. Wayar aro, mai ita yana tsaye a kanka, ba ka iya faɗin abin da ke ranka.

Kalmar da ke bakin kowa yanzu ita ce takunkumi. Maƙwabta sun rufe iyakoki, sun yanke wutar da ke zuwa mana, an ce har kuɗin ƙasa da ke waje an riƙe. Ranar bikin ƴancin kai, duk da ana hutu, mun tara yara mun yi dashen itace a bayan lekol kamar kowace shekara. Mushe Ibrah, kamar yadda ƴan lekol ke kiran direktanmu, ya hau kan dutse ya yi mana jawabi. Ya ce takunkumi ba ya kama ƙasar da kuɗinta ke ɗaure da na Turai. Ya ce sefa ba ta motsa ba ko da dala ɗaya, naira ce ke zubewa, kuma waɗanda suka rufe ƙofa su za su fara jin jiki, tunda ragunanmu da wakenmu da albasarmu suke ci. An tafa masa sosai. Ni ma na tafa, don ina so maganarsa ta zama gaskiya. Amma ina tafawa ina kallon ramin da muka haƙa wa dogon yaro. Har gwiwar hannu aka zurfafa shi, ba a tarar da danshi ba.

Yau kwana goma sha tara ruwa bai sauka ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, da hantsi sai ganyen ya naɗe. Limamai sun fita roƙon ruwa. Baba da tsofaffin da ke bin al'adar kakanni su ma sun je gindin tsamiyarsu sun yanka baƙar akuya. Ba wanda ya yi wa wani dariya, kowa ya nufi inda ya sani.

Kada ka sa damuwa a ranka. Ragunan turka uku suna nan suna ƙiba, wake ma bai ƙone ba tukuna. Ka riƙa cin abinci mai zafi, ka shiga gidan sauro, ka san bakin kogi. In kana da hali ka rubuto mini ko layi biyu ne, na yi alkawari ba zan ja maka jan biro a ƙarƙashin kuskure ba.

Allah ya buɗe hanya. Ka huta lafiya.

Matarka,
Tasalla


Filinge, 24 ga Oktoba

Baban Haske,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya haƙuri? Na samu takardarka, na karanta wa Baba abin da ya shafe shi, sauran na ajiye ƙarƙashin matashi. Duk muna lafiya, sai dai Haske da ke fama da mura.

Ka rubuto cewa direbobi suna dariya a Malanbil, wai jaka ɗaya ta sefa yanzu tana sayen naira cike da hannu, saboda haka mu ne muka ci riba. Ka ce kada mu yi gaggawar sayar da ragunan, mu jira masu saye daga Najeriya. To bari malama ta yi maka darasi, kai da Mushe Ibrah. Wanda nairarsa ta zube, kuma aka rufe masa hanya, da me zai zo ya sayi rago a nan ƙasarmu ta Kurfai? Kasuwa huɗu ke nan Baba yana jan ragunan zuwa kara yana dawowa da su. Dabbobi sun cika fili, daga Sanam, daga Abala, kowa mai sayarwa ne. Dillalai suna zaune suna shan shayi. Wake ma haka, ana taya shi kamar ana yi maka alfarma. Amma je ka tambayi tiyar gero, ko mai, ko sukari, ka ji abin da za a ce maka. Sefa tana nan da ƙarfinta, ban musa ba. Sai dai ba ta zuwa hannunmu, in ta zo kuma abin da take ɗaukowa ya ragu. Albashina ma ana ba mu shi ne gutsure-gutsure, bayan mutum ya yini a layi.

An gama girbi. Ruwan ya dawo a makare, bai tsinana abin kirki ba. Gandun da ka san yana cika babban rumbu har a yi masa ƙari, bana bai kai shi rabi ba. Na duba da idon mai dafa abinci, in mun kai da shi ƙarshen sanyi mun gode Allah.

Kafin kowa ya ɗanɗana sabon gero, Baba ya shiga gona shi kaɗai ya tsince zangarniya mafi cika, ya ɗaure daban. Ka fi ni sanin yadda yake yi, amma bana na tsaya daga nesa na kalla da kyau. A ƙaramin rumbun nan na bayan gida, sauran irin bara yana ƙasa. Ya gitta sanduna a kansa, ya shimfiɗa zana, sannan ya jera na bana a sama. Na sama don shukar farko, na ƙasa don in ta ƙone a sake. Ya yanka jan zakara, ya shafa jinin a bakin rumbun, ya ɗora hular rumbun ya ɗaure da ƙullinsa. Daga ranar ba mai buɗewa sai shi, sai kuma ruwan shuka ya sauka, mace kuwa ko leƙawa ba ta yi. Gidan kawunka da na gwaggonka ma daga nan suke karɓar iri duk shekara, don geronmu ne kaɗai mai nuna da wuri a wannan yashi.

Da yamma ya kira ni ya zaunar, abin da bai saba ba. Ya ba ni labarin babban farin da aka yi yana ɗan shekara goma sha uku, ƙasa ba ta daɗe da samun ƴancinta ba. Ya ce sun ci anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci, sun tona gidan tururuwa suna neman ƙwaya. Ƙannensa biyu sun rasu a watan da ya gabaci ruwa, kuma mahaifinsa yana zaune jikin wannan rumbu bai kwance igiyar ba. Da ruwa ya sauka, unguwa duka daga nan ta yi shuka. Yana faɗa yana alfahari da ubansa, na gani a fuskarsa. Ya ƙare da cewa: “Wanga ba abinci na ba, ɗiyata, iri na. Kowa ya ji yunwa shi yi haƙuri.”

Na ce to, Baba. Amma wallahi, Baban Haske, jikina ya yi sanyi. Haske tana goye a bayana lokacin da yake maganar, ina jin numfashinta a wuyana. Na gane ba hira ya kira ni ba, gargaɗi ne yake yi mini tun da sauran lokaci.

An ce wasu motoci sun juya sun bi doguwar hanya ta yamma da rakiyar sojoji. Ina roƙon ka kada ka bi su ko mai mota ya matsa. Na fi son ka zauna kana doke sauro kana yabon sefa.

Ka gaida abokan zama. Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Tasalla


Filinge, 11 ga Fabrairu

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina fatan sanyin bakin kogi bai taɓa ƙirjinka ba. Baba da Safi suna lafiya. Wannan takardar kada ka bari kowa ya karanta maka ita, in ka gama ka sa ta a wuta.

Haske ba ta da lafiya. Na ɓoye maka a saƙon da na ba Ɗangoma da baki, yanzu ba zan iya ba. Babban rumbu ya ƙare tun farkon Disamba. Ragunan da muka yi ta jira da su sun cinye harawa sun cinye dusa, suka fara ramewa, Baba ya sayar da duka ukun a kuɗin da bara ɗaya zai kawo. Geron da aka sayo da su bai yi wata ba. Muka koma anza, ina jiƙa ta kwanaki ina sauya ruwa don ɗacin ya fita. Mu manya muna haɗiyewa, Safi ma tana rufe ido ta haɗiye. Cikin Haske ya ƙi. Zawo ya kama ta, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka fara kumbura. Ta daina zuwa bakin ƙofa.

Na kai ta likita. Sun zagaya mata ƴar igiyar awo a dantse, ta faɗa kan ja. Matar da ke duba yara ta ce abincin da suke ba irin waɗannan yara ya ƙare, ana jiran sa, an ce yana cikin motocin da suka maƙale. Ta ce in riƙa dama mata kunun gero mai kauri sau biyar a yini, da ɗan ƙuli-ƙuli a ciki. Na fito ina tunanin ko motar da ke ɗauke da abincin ƴarka ita ce ke tsaye kusa da taka. Ban faɗi haka don in sosa maka rai ba, tunanin ne ya ƙi barina.

Na je na durƙusa gaban Baba na roƙe shi dami ɗaya daga ƙaramin rumbu. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafun yarinyar, sannan ya ce in ya kwance igiyar nan kafin ruwa, ya ci amanar matattu da ta waɗanda ba a haifa ba, kuma gida uku za su kwana ba shuka. Ya tashi ya fita. Tun daga ranar rabin abincinsa yake turo mana, amma anza ce, ba ita Haske ke bukata ba.

To ga abin da na yi. Ranar kasuwa da tsakar rana, Baba yana can, Safi ta tafi rijiya, na ɗauki wuƙa na shiga ƙarƙashin rumbun a kwance. Na yanke kara uku na gindinsa, na zura hannu na zaro zangarniya. Garin sauri har na yanke yatsa. Ni mai salla ce, ka sani, ban taɓa jin tsoron jinin zakara ba, amma ranar na ji kamar duk kakanninka suna tsaye a kaina. Na mayar da karan na toshe da tsumma da ƙasa. A ɗaki nake murje shi da hannu, in daka kaɗan-kaɗan lokacin da maƙwabta ke daka, don kada a ji turmina shi kaɗai.

Kasuwa biyar ke nan ina yi. Na yi wa kaina iyaka: na ƙasa kawai, irin bara, na sake shuka. In hannuna ya taɓa zanar nan ta tsakiya zan tsaya. Na sama yana nan cif, ya ishi gida uku shuka ɗaya. In Allah ya sa ruwan farko ya zauna, ba wanda zai nemi na ƙasa, kuma in kaka ta yi zan faɗa wa Baba da bakina.

Kumburin ya fara sauka. Jiya ta riƙe ludayi da kanta.

Ban nemi izininka ba don na san abin da za ka ce, kai ɗan gidan ne. Ka yi fushi da ni in kana so, na yarda. Amma ban yi nadama ba, tsoro kawai nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Allah ya kiyaye ka. Ka yafe mini.

Tasalla


Filinge, 3 ga Mayu

Baban Haske,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi a can? Nan rana tana dukan mutum tun kafin ya gama alwala. Na samu amsarka. Na karanta inda ka rubuta cewa da kana nan da kai za ka riƙe mini wuƙar, na shiga ɗaki na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Na gode.

Ka ji an ɗage takunkumi tun watanni biyu da suka wuce. Ranar da rediyo ya faɗa, samari sun yi ta zagaya gari da babura. Mushe Ibrah ya shigo ajina da murna, ya ce ka gani, sun gaji sun saki, kuma sefa ko gezau ba ta yi ba. Sai na nuna masa benci uku da ba kowa a kansu. Iyayen yaran sun kulle gida sun tafi Yamai neman abinci. Gadarku har yau a rufe, gero bai sauko ba, kuma masu sayen dabbobi sun fara leƙowa a lokacin da ba mu da ko ɗan akuya.

Hannuna ya taɓa zanar tun tsakiyar Maris. Na tsaya kamar yadda na ce. Kwana goma da suka biyo baya su ne mafi muni, na ga yarinyar tana komawa inda ta fito. Sai wata rana na dawo daga lekol na tarar da ƙwarya a bakin ɗakina, cike da gero surfaffe. Baba ya ce wani tsohon abokinsa ne na Bonkuku ya tuna da shi. Tun daga nan duk bayan kwana uku ko huɗu sai ƙwaryar ta zo. Haske ta mayar da jiki, har ta fara jan zanen Safi tana neman faɗa.

Da farko murna ta rufe mini ido. Yanzu wani abu yana cina. Ban taɓa ganin wannan aboki ba, ban ga jakinsa ba, ban ji wanda ya gan shi ba. Geron kuma ƙananan ƙwaya ne masu duhu, irin namu sak. Na tambayi Baba a kaikaice, ya ce ai abokin a hannunsa ya karɓi iri shekarun baya. Yana iya zama haka. Amma Safi ta ce mini ta ga Baba sau biyu yana shiga gidan gwaggonka da buhu a kafaɗa lokacin da nake aji, kuma gwaggo tana sussuka bayan ta ce ba ta da ko zangarniya ɗaya.

Na je na duba igiyar rumbun. Ƙullin yana nan, amma ƙullin Baba ne, shi ke iya kwancewa ya mayar. Ba ni da ikon leƙawa. Ba ni kuma da ikon tambayarsa, don in na ce masa kada ya taɓa na sama, zai ce me ya sa, ai na ƙasa yana nan. Kullum da safe ina shirya maganar a bakina, in na durƙusa gaishe shi sai ta maƙale. Ya rame ƙwarai, ya daina zuwa gindin tsamiya, kuma ba ya haɗa ido da ni. Ni ma ba na haɗawa da shi.

Ka faɗa mini, kai da ka san shi: mutumin da ya ba ni labarin nan na mahaifinsa zai iya kwance igiyar? Ina roƙon Allah ya sa akwai aboki a Bonkuku. Gajimare ya fara taruwa ta gabas da la'asar, kowa yana ɗaga kai yana murna, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi.

Ka huta lafiya. Yara suna gaishe ka.

Matarka,
Tasalla


Filinge, 21 ga Yuni

Maigidana, Baban Haske,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da salla, ko da yake bana ba mu ga hayaƙin layya a gidanmu ba. Ina fatan kana lafiya. Mu duka muna raye, yara lafiya lau. Ɗangoma yana tsaye yana jirana, mota za ta tashi, saboda haka ka yi haƙuri da rubutun.

Ruwa ya sauka ranar Litinin, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har ta wuce tsawon hannu. Washegari da sassafe kawunka da ƴaƴan gwaggo suka zo da ƙorai, kamar kowace shekara. Baba ya nemo zakara, ban san inda ya samo shi ba, ya yanka. Ya jingina tsani ya hau, ya kwance igiyar, ya ɗaga hular. Mu mata muna tsaye daga nesa. Kafin ya sa hannu ya juyo ya ce wa kawunka bana shuka ɗaya za a yi, don na sama ya ƙare, shi ya ɗebe shi da hannunsa, kuma in akwai abin da zai biyo baya to a kansa ya sauka. Ya ce amma na ƙasa yana nan, zai ishi kowa in an yi tattali.

Sai ya sunkuya ya ɗaga zanar.

Baban Haske, ban san tsawon lokacin da ya yi a sunkuye ba. Na ga bayansa kawai, da ƙafafunsa a kan tsani. Ya zura hannu har kafaɗa, ya laluba, ya fito da tsumman da na toshe ramin da shi. Guntun tsohon zanena ne, mai ruwan goro, kowa a gidan ya san shi.

Ban jira a tambaya ba. Na taka har gindin rumbun, inda mace ba ta zuwa, na durƙusa na faɗi komai a gaban kowa. Kawunka ya fara ɗaga murya, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya sauko a hankali, tsani yana rawa, ya zauna a ƙasa kusa da ni. Ya tambaye ni yaushe na fara, na faɗa masa. Ya tambaya yaushe na tsaya, na faɗa masa. Ya ƙirga da yatsu, ya ga inda na tsaya nan ya fara. Ya ce: “Tashi, ɗiyata. Mu biyu munka yi, kuma ɗiya guda munka yi ma.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni na ci na ƙasa ina dogara da na sama, shi ya ci na sama yana dogara da na ƙasa, muna gida ɗaya muna gaisawa kowace safiya. Da ɗayanmu ya buɗe baki, da an bar ko dami biyu. Kunya ta hana ni, shi kuma rantsuwarsa ta hana shi.

Mun kakkaɓe zanar, mun share gindin rumbun, mun tankaɗe ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya fito bai cika tiya biyu ba. Baba ya raba uku daidai, ya ba kawunka da gidan gwaggo nasu. Sun karɓa sun tafi ba sallama. Namu mun shuka shi a gamanata, ƴar gonar nan tawa ta bayan gida, ƙwaya uku-uku a rami, Safi tana tsaye da gwangwani tana korar tsuntsaye. Abin da ya rage ke nan na geron kakanninka.

Na je kasuwa neman iri. Abin da ke akwai geron buhu ne da aka kawo daga kudu, na ci, ba wanda ya san ko zai nuna a nan, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfina. A can na haɗu da Mushe Ibrah, shi ma da ƙwarya a hannu yana nema. Ya rage murya ya ce mini har yanzu dai lissafinsa daidai ne, kuɗin ƙasa bai faɗi ba. Na ce masa haka ne, Mushe, sai dai ban ga wanda ya zuba sefa a rami ta tsiro ba. Bai ji haushi ba, ya tambaye ni ko na san mai sauran iri.

Yanzu ga abin da nake so da kai. Wata goma sha ɗaya kana gadin shinkafar wani. Ka bar motar. Ka miƙa wa mai ita makullinsa, ko ya kore ka daga aiki ya kore ka, ka shiga kwale-kwale ka ƙetaro. Duk abin da ke aljihunka kada ka sayo mana atamfa ko takalman yara. Iri za ka sayo. Kada ka sayi na garin Gaya, na ƙasar ruwa ne, ba ya kai wa ga nuna a Kurfai. Ka sauka Baleyara ka nemi mutanen arewa, ka ce mai saurin nuna kake so, a zangarniyarsa, ka gani da idonka. Tsofaffi sun ce muna da kwana goma. In ka wuce haka, kada ka wahalar da kanka da iri, ka fara tunanin inda za mu kai yaran nan su ci abinci shekara guda.

Baba ba ya cin komai sai ruwan hura. Amma jiya da yau, tun da asuba, ya ɗauki sungumi ya tafi gandu. Na bi shi da ruwan sha na tarar yana sara, layi bayan layi, kamar akwai mai bin sa a baya yana zuba iri. Na ce Baba, ramukan za su bushe. Ya ce in sun bushe zai sake sarawa, ɗansa yana hanya. Ya riga ya kai rabin gonar, kuma ban iya hana shi ba.

Ka taho. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka mai jiranka,
Tasalla